Lungun da Na Bari a Akwatin Baffa

Lahadi

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki? Ya babanki da ciwon gwiwar tasa? Ki ce masa 'yar'uwarsa ta bayan dutse tana gaishe shi, ko da yake da alama ya manta kakanmu ɗaya. Mu nan sai godiya. Baffanki jiki da sauƙi, tarin ne dai yana nan. Wanda ya yi shekara talatin yana fasa dutse, ai ƙurar ba ta fita daga ƙirji don ya bar aikin.

Akwatinki ya iso ranar Laraba. Mai Rediyo, tsohon nan da ke gyara a bakin kasuwa, shi ya haɗa shi da batira da farantin sola kamar yadda kika zana a takarda, sannan ya jona injin iskar Baffanki a jikinsa. Washegari da hantsi aka ɗauke wuta. Ina kan keken ɗinki, har na zabura zan ruga ɗaki kamar yadda na saba, sai na ji injin yana ci gaba da gurnaninsa, ko tuntuɓe bai yi ba. Na koma na zauna na yi kukana. Wata takwas ke nan duk aka ɗauke wuta sai in tsaya a kansa da mafici ina kallon leɓɓansa suna canja launi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Baffanki ya ce in gaya miki, yarinyar da ta taɓa kwance masa rediyo ta kasa mayarwa, yau ita ce ke riƙe masa numfashi. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

Na ɗinka wa akwatin riga da ragowar yadin labule, mai kauri, har da leshi a baki. Abu mai daraja ba a barinsa tsirara, ga ƙura. Kyanwarmu ma ta samu wurin kwanciya, don kusurwar dama ta baya ɗumi gare ta kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. In na kore ta sai ta dawo.

Ƙarfen sabis ɗin da tsawa ta faɗa wa har yau ba a gyara ba, wayoyinmu sun zama tocila. Ki riƙa ba direban motar kaya saƙo, sau biyu yake shigowa a sati.

Gwaggonki

Juma'a

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki jiya, na yi murna ƙwarai. Ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Baba yana gaishe ki, ya ce bai manta da ke ba, gwiwa ce ta hana shi hawa mota. Mama ma tana gaisuwa, ta ce ki aiko mata da awon hannun rigar da kika taɓa yi mata, telanta ya ɓata mata yadi biyu. Ni ma lafiya lau, aiki ne dai ya yi yawa. An mayar da teburina kusa da na Oga, yanzu ko atishawa na yi sai ya ɗago kai. Ki gaishe mini da Mai Rediyo, ki ce na gode da ɗawainiya. Maganar rediyon Baffa kuwa, ki tuna masa shekarata bakwai a lokacin, kuma sukuru ɗaya ne kawai ya rage mini.

Na ji kin yi wa akwati riga, na san ɗinkinki ba ya da na biyu. Bari in ɗan yi miki bayanin cikinsa. Akwai wani koren allo kamar tafin hannu biyu, ni na zana shi a kwamfuta, masana'anta ta buga. A jikinsa akwai hanyoyi na jan ƙarfe a shimfiɗe, kamar a kalli unguwa daga sama. Siraran hanyoyin saƙo suke kaiwa tsakanin ƙananan kayan aiki, babbar hanyar kuma ita ke ɗaukar wutar batir zuwa injin Baffa. Duk hanyar da wuta ke bi takan ɗan yi ɗumi, ba wani abu ba ne. Amma in ba damuwa, a riƙa barinsa yana shan iska. Rigar ko a ajiye ta sai in baƙi za su zo.

Wannan kusurwar da kyanwa ke so, ita ce ta kusa da babban sukuru? In kin ɗora hannu, kina iya barinsa a wurin? Tambaya ce kawai irin ta masu aikinmu.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Tsinke

Juma'a

Tsinke,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Ga awon Mama nan a bayan takarda, ki ce mata ta rabu da telan da ba ya tambaya kafin ya yanka.

To Injiniya, na ji. In rigar ce ba ta yi miki ba ai sai ki fito fili, ba sai kin zagaya da ni unguwar jan ƙarfe ba. Yadin tsoho ne, na sani. Nakan cire ta da rana, da yamma in mayar saboda ƙura. Kuma tunda iska kika ce ya sha, na sa an matso da teburin bakin taga, nan ne iska ta fi kaɗawa. Rana takan ɗan hau kansa bayan azahar, amma ai ɗan'uwansa na kan rufi a rana yake wuni, ban ji ya yi ƙorafi ba.

Eh, kusurwar sukurun ce. Da na kan bar hannuna, yanzu kam sai dai in taɓa in janye. Kyanwar ma ta koma ɗaya gefen.

Ga labarin da ya fi wannan. Kwana uku ke nan taransifomar unguwarmu ta yi ƙara ta mutu, an ce sai an kawo wata, kin kuwa san ma'anar wannan. Yanzu dare da rana akwatinki ne ke ɗauke da Baffanki, babu hutu. Janareton mai aski mun gwada, ba ya iya tayar da injin. Da ba don ke ba da yanzu ban san me nake rubuta miki ba.

Abin da ke damuna shi ne jikin nasa ya ƙara dogara da injin. Da can yakan jure awa guda in an ɗauke wuta. Shekaranjiya na cire masa robar hanci in goge masa fuska, kafin in matse tsumma har ya fara laluben hannuna. Ban gaya masa na tsorata ba.

Wani abu kuma, ɗakin yana ɗan wari kamar an bar dutsen guga a kan leda. Na duba ko'ina ban ga komai ba. Mai Rediyo ya ce sabon kaya haka yake kafin ya saba. Ke me kika ce?

Gwaggonki

Talata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini gajartar gaisuwa. Kafin ki ci gaba da karatu, ki ɗauke akwatin daga bakin taga, ki cire rigar gaba ɗaya, ki kwance murfin sama ki bar shi a buɗe. Ki yi wannan yanzu, sannan ki dawo.

Na yi kuskure a allon, kuma tun ranar da na karanta maganar kyanwa na sani.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara shimfiɗa hanyar babbar wuta, sannan sauran kaya su nemi wuri a gefenta. Oga ba ya gajiya da faɗar haka. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni. Ina so Baffa ya riƙa ganin sauran batir da idonsa, sai na fara da ɗan gilashin lambobi da fitilun nan uku, na jera su, na ja musu siraran hanyoyinsu, abin ya yi kyau. Da na zo kan babbar hanyar sai na tarar wuri ya ƙare. Ta taso da faɗin yatsa biyu, amma a kusurwar nan dole ta ratsa tsakanin ramin sukuru da mahaɗin gilashin. Maimakon in rushe in sake, na matse ta ta koma lungu, faɗin tsinken ashana biyu. Na ce ai gajere ne. Na gwada shi awa ɗaya a ɗakin aikinmu mai na'urar sanyi, murfi a buɗe, na ga lafiya, na naɗe na aiko.

Duk wutar da ke riƙe da injin Baffa ta wannan lungun take bi. Warin da kike ji, allon ne ke dahuwa. Fis ɗin da ke yanke wuta in ta yi yawa ba zai cece mu ba, don wutar ba ta wuce ƙima ba, hanyar ce ta yi mata kaɗan.

Masana'anta ba ta buga ƙasa da allo biyar, don haka a ranar na haɗa wani irin naku sak, na rufe shi, na ɗora masa nauyin wuta daidai da na injin. Na auna lungun, zafinsa ya fi na tafasasshen ruwa. Duk da haka na rubuto miki wancan surutun, ina fatan cire riga zai wadatar, kada ki san 'yar da kike sa wa albarka ta yi aikin ganganci. Yau da safe, kwana goma sha biyu cif, nawa ya yi hayaƙi ya yanke. Naku yau kwanansa bakwai ba hutu, ga rana.

Ga gyaran. A cikin ambulan akwai jar waya mai kaurin fensir, tsawon ɗan yatsa, da dalma, da zanen allon. Na sa alama biyu da jan biro. Mai Rediyo ya kankare koren fentin a wuraren biyu har jan ƙarfen ya fito, ya liƙa wayar ta tsallake lungun kamar gada. Tunda ba wuta, a garwashi zai gasa ƙarfensa na narka dalma, amma garwashin ya tsaya a tsakar gida, nesa da ɗakin, iskar injin nan tana rura wuta.

Dole a kashe akwatin a cire kan batir kafin a taɓa. Na juya abin ta kowace fuska, babu yadda za a yi shi a kunne. A hannun gwani minti goma ne. Na karanta abin da kika ce game da goge fuska, na san me nake nema a wurin Baffa. Amma gara minti goman da muka zaɓa da wanda allon zai zaɓa mana.

Na sake zane daga farko, sabon allo zai fito nan da sati biyu zuwa uku.

Ina jin tsoro, Gwaggo. Ki ba direba amsa ko layi ɗaya ne.

Tsinke

Laraba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baffa? Don Allah ya jikin Baffa?

Kwana takwas ban ji daga gare ki ba. Kullum ina tasha kafin in tafi aiki. Sai yau aka gaya mini motar direba ta lalace a hanya tun wancan satin, ba wanda ya san ko ya kai saƙo ko yana nan a aljihunsa. Wannan wasiƙar na ba makanikin da zai kai masa kayan gyara. Na roƙe shi ya ɗauke ni, ya nuna mini babur ɗin, ko jaka ba ta da wuri.

Yau kwana goma sha biyar naku yake aiki. Nawa a sha biyu ya yanke. Ina zaune a gaban kwamfuta ina kallon lungun nan, Oga ya yi mini magana sau uku ban ji ba. In kun yi gyaran, ki gaya mini. In fushi kike yi, ki yi, amma ki gaya mini. In kuma wani abu ya faru, kada ki bari in ji a bakin Baba.

Tsinke

Lahadi

Tsinke,

Yana numfashi. Na fara da wannan don na san gaisuwa ba za ta shiga kunnenki ba. Assalamu alaikum.

Wasiƙunki biyu tare suka iso ranar Juma'a daf da azahar, direba yana ta ba da haƙuri. Ƙaramar na fara buɗewa. Na karanta "nawa a sha biyu ya yanke" ban san mene ne ya yanke ba. Da na buɗe babbar, wayar ta faɗo a cinyata. A tsaye na karanta ta, akwatin yana bakin taga, rana ta kusa hawa kansa.

Na karanta wa Baffanki duka, ban tsallake layi ba, tunda numfashinsa ne. Ya ce, "A kira Mai Rediyo kafin in sake shawara."

Da aka kwance murfin, wari ya buge mu. Wurin da kika sa wa alama ya yi baƙi kamar gindin tukunya, jan ƙarfen ya ɗago ya rabu da allon. Mai Rediyo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Hajiya, wannan ba wuta ke bi ta nan ba, ikon Allah ne." Ya gasa ƙarafuna biyu a tsakar gida. Muka jingina Baffanki da matasai uku, na buɗe taga da ƙofa, na ajiye agogo a kan gado. Ya ja iska iya cikinsa, ya ɗaga mini yatsa.

Ni na kashe. Tun da akwatinki ya iso ban ji ɗakin nan shiru ba sai ranar.

Mai Rediyo yana sa wuƙa zai kankare, lungun ya karye ya faɗo kamar ɓawon gyambo. Muka kalli juna. Da can ina cewa a raina in abin ya gagara sai mu mayar mu kunna. Daga nan babu abin mayarwa.

Gefe ɗaya na wayar ya kama a minti na huɗu. Ɗaya gefen ya ƙi. Kafin ya taho da ƙarfen daga tsakar gida ya huce, wayar taki kuma mai kauri ce, tana shanye zafin, dalmar ta dunƙule ta ƙi narkewa. Wayar ta riƙa zame masa. Ya ce, "Ba na ganin wurin sosai." Na saki hannun Baffanki na ɗauko hantsakin da nake zare zare da shi, na danne wayar. Shekara arba'in ina riƙe yadi a ƙarƙashin allura, hannuna ba ya rawa. Amma hakan na nufin na ba shi baya. Ina jin sa a bayana yana ja, ja, kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya, yana dukan katifa da tafin hannu. Can sai dukan ya tsaya. Ban juya ba, Tsinke. Mai Rediyo ya fita da gudu, tsoho da shi, ya dawo da ɗaya ƙarfen jajur. Hantsakin ya ƙona mini yatsu biyu, ban saki ba sai da na ga dalmar ta kwanta tana sheƙi.

Minti goma sha shida. Da aka mayar da kan batir na kunna, injin ya yi gurnani, sannan na juya. Kansa ya langaɓe, leɓɓansa kamar toka, idonsa a buɗe ba ya kallon kowa. Na danna masa robar ina kiran sunansa, sunan da ban taɓa kira a gaban mutane ba. Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya ƙirjin ya ɗaga.

Kusurwar yanzu da sanyinta, ina iya barin hannuna har in gaji. Warin ma ya tafi. Baffanki kuwa tun ranar bai sauko daga gado ba, magana sai kalma biyu ya huta. Jiya na ce zan rubuto miki, ya ce, "Ce mata iska na zuwa." Da na tsaya ina jiran saura, ya ƙara, "Kada ta yi kuka." Na isar.

Saura nawa saƙon. Jiya na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa. Gwiwar babanki, hannun rigar Mama, teburin Oga, sannan can ƙasa, "tambaya ce kawai". Ranar da kika rubuta ta muna da wutar gari. Da kin ce mini "Gwaggo, na yi kuskure", da sai mu jona injin a bango, Mai Rediyo ya yi gyaransa a natse yana shan shayi, Baffanki ko sani ba zai yi ba. Kuskuren allo ban riƙe ki da shi ba, ni ma na sha yanka hannun riga a gajarce. Amma ni nakan kira mai kaya in nuna masa tun kafin ya sa a jikinsa. Wannan ne ban gama haɗiyewa ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na haɗiye ba.

Mai Rediyo ya ce gadar za ta riƙe, amma allon ya riga ya dahu, bai ba shi wata uku ba. Ke nan sai an sa sabon, ke nan sai an sake kashewa. In ya fito kada ki ba direba. Ki ɗauko shi ki zo da kanki, ɗakinki yana nan, zan gyara miki shi. Ke za ki tsaya a gaban Baffanki ki gaya masa minti nawa kike nema, ke za ki kashe. Zan riƙe masa hannu, wannan karon ba zan ba shi baya ba. Ni dai yatsana ba zai sake taɓa makunnin nan ba.

Ki gaida babanki.

Gwaggonki